Wannan Da Kake Saukewa Ba Mod Ba Ne, Zo Ka Ga Aikin Masoya Doom



Kusan kullum in na buɗe saƙonni sai na tarar da magana iri ɗaya: "Oga don Allah turo min linkin mod na gem kaza, mai kuɗi ba iyaka." Wani dayamon yake so, wani harsashin da ba ya ƙarewa, wani kuma so yake ya riƙa hango abokan karawa ta bayan bango. Na daɗe ina kau da kai. Yau zan amsa wa kowa a wuri guda, kuma na san akwai waɗanda ransu zai ɓaci: ba zan turo ba. Abin da kake nema fasasshen APK ne, wani wanda ba ka sani ba ya ɓalle shi ya sake ɗinke shi, Allah kaɗai ya san me ya cusa a ciki. Kiran sa "mod" cin mutunci ne ga mutanen da suka shafe sama da shekara 30 suna yin mod na gaskiya. In kana son ka san su waye, sai mu koma kan Doom.

Ranar 10 ga Disamba 1993 wani ƙaramin kamfani a jihar Texas ta Amurka mai suna id Software ya saki Doom. Wasan harbi ne irin wanda kake kallon duniya ta idon ɗan wasan, bindigarka kawai kake gani a ƙasan allo. Idan ka taɓa buga Call of Duty to jikan Doom ka buga. Kwamfutar da ake buƙata a lokacin mai RAM 4 MB ce. Ka duba da kyau, MB na ce. Wayar da ke hannunka mai 4 GB ta ninka ta sau dubu.

Kafin Doom, kamfanin ya yi wani wasa, Wolfenstein 3D, a 1992. John Carmack, wanda shi ne ya rubuta injin wasan, ya lura cewa masoya suna kutsawa cikin fayilolinsa suna sauya hotuna da matakai, amma da ƙyar, domin sai sun goge na asali kafin su saka nasu. Wani kamfanin da lauya zai kira. Shi kuwa da ya zo yin Doom sai ya raba abin gida biyu: inji daban, kayan wasa daban. Hotuna, sauti, kiɗa, taswirar matakai, duk ya tattara su a fayil ɗaya da ake kira WAD. Ya kuma bar ƙofa a buɗe yadda za ka iya kawo naka ƙaramin WAD ɗin ka ɗora a kan na kamfani, inji ya karanta naka, na asali yana nan lafiya lau bai taɓu ba. Ka cire naka, wasa ya koma yadda yake.

Akwai wani abu a nan da nake so 'yan "kuɗi ba iyaka" su ji. Doom ya fito ne kashi biyu: babin farko kyauta ne, kowa ya kwafa ya ba abokinsa, sauran kuma sai ka biya. Roƙon da id ta yi wa masu ƙirƙira shi ne kada su yi matakan da za su yi aiki da na kyautar, su yi wa wanda ya biya. Kuma galibinsu suka mutunta wannan. Mutanen nan sun fi kowa sanin cikin wasan, da fasa shi suke so da minti biyar ya ishe su. Hankalinsu na kan gini.

Kai, ko maganar harsashi ba iyaka ma, id da kanta ta bayar kyauta. Kana cikin wasa ka rubuta IDDQD, ba abin da zai kashe ka. Ka rubuta IDKFA, ga dukkan bindigogi, ga harsashi, ga makullai. Haruffa biyar ne. Ba wanda ya taɓa kiran wannan mod, sunansa coge, kuma kowa ya san bayan minti goma wasan ya gundure ka.

Tun farkon 1994 masoya suka fito da manhajar zana matakai mai suna DEU, sai kuma DeHackEd ta Greg Lewis wadda ke ba ka dama ka sauya halayyar dodanni da bindigogi. Daga nan ruwa ya ɓalle. A wannan shekarar wani ɗalibi, Justin Fisher, ya saki Aliens TC, inda ya mayar da Doom gaba ɗayansa fim ɗin Aliens: sababbin bango, sababbin halittu, sabon sauti. Abin da har yau ake tuna shi da shi shi ne matakin farko. Babu abokin gaba ko ɗaya a ciki. Kana ta tafiya cikin duhu da bindiga a hannu, kana jiran abu ya faɗo maka, shiru. Kafin ka kai mataki na biyu gumi ya riga ya jiƙa ka. Yaro ɗan makaranta ya gane abin da manyan kamfanoni ba su gane ba a lokacin, cewa jiran tsoro ya fi tsoron kansa. Kamfanonin wasa suka yi masa tayin aiki, ya ce sai ya gama jami'a tukuna.

Wasu kuwa sun karɓa. Wata ƙungiyar masoya mai suna TeamTNT ta haɗa matakai 32 a ƙarƙashin suna TNT: Evilution, tana gab da sakinsu kyauta a 1995 sai id ta ce tsaya, mu za mu saya. An yi rigima sosai, wasu masoyan suka ce an sayar da su. A 1996 aka fitar da shi a kasuwa da sunan Final Doom, haɗe da wasu matakai 32 masu suna The Plutonia Experiment waɗanda wa da ƙani, Dario da Milo Casali, suka zana cikin 'yan watanni. Plutonia wuya gare shi kamar me, ban ba sabon shiga shawarar ya fara da shi ba. Dario daga nan kamfanin Valve ya wuce, yana cikin waɗanda suka zana matakan Half-Life. Tim Willits ma da zana matakan Doom a gida ya fara, id ta ɗauke shi aiki, ƙarshe shi ya zama shugaban sashen yin wasanninta.

Kuma kada ka ce wannan labarin tsofaffi ne. Counter-Strike a 1999 mod ne na Half-Life da mutum biyu suka yi. PUBG ɗin da kake kwana a kai, Brendan Greene da ya kawo tsarinsa da yin mod a kan wasan Arma 2 ya fara. Ashe wasan da kake neman a fasa maka, ɗan mod ne ya haife shi. Shi ya yi mod ya zama mai kamfani, kai kana yin "mod" ana rufe maka asusu.

Bari in tsaya kan wannan kaɗan, domin akwai ƙaryar da ake yi muku kuna hawa. A wasannin da ake bugawa ta intanet, lissafin dayamon ɗinka da kuɗinka ba a cikin wayarka yake ba, yana can a kwamfutocin kamfani. Duk wanda ya ce APK ɗinsa zai ba ka dayamon 99999 na gaske, lamba kawai ya rubuta maka a allo, ka je saye ka gani. To in ba dayamon zai ba ka ba, me ya sa ya ɓata lokacinsa ya haɗa abin, ya biya kuɗin shafi, ya bi ka har gurup yana talla? Ka tambayi kanka. A 2021 kamfanin tsaro na Kaspersky ya bayyana cewa ya gano mugunyar manhaja mai suna Triada a cikin wani FMWhatsApp, ɗaya daga cikin fasassun WhatsApp ɗin nan da mutanenmu ke so saboda a karanta saƙon da aka goge. Tana iya karanta saƙonnin tes, tana iya yi maka rajistar abin da za a riƙa cirar maka kuɗi ba ka sani ba. Yanzu ka tuna ta ina lambar sirrin banki ke shigo maka in za ka tura kuɗi. Ta tes. A wayar da ka girka wa fasasshen gem, ka danna masa "yarda" a kan duk izinin da ya tambaya ba tare da ka karanta ba. Me ya haɗa wasan tseren mota da saƙonninka da lambobin mutanenka?

WAD kuwa ba a girka shi. Ba manhaja ba ce mai zaman kanta, tarin hotuna ne da taswira da umarnin wasa da inji zai karanta. Ba ya fito maka da allon neman izinin saƙo ko kamara.

Mu koma kan labari. A Disambar 1997 Carmack ya yi abin da ya sa Doom ya ƙi mutuwa: ya saki asalin rubutun injin ga duniya, a 1999 kuma aka sa shi ƙarƙashin lasisin GPL, wato kowa na da 'yancin ya gyara ya rarraba. Masu iya rubuta manhaja suka ɗauka suka yi ta ƙera sababbin injuna, irin su Boom, ZDoom, PrBoom, Chocolate Doom, GZDoom. Doom na asali ba ka iya ɗaga kai sama, ba ka iya tsalle, ba a iya gina ɗaki a kan ɗaki. GZDoom ya kawar da duk wannan. Shi ya sa kake jin an kunna Doom a kan firinta, a kan kalkuleta, a kan abin da ba ka zata ba. Shi ya sa kuma yake tafiya a Android.

Wanda aka fi sani cikin mod ɗin zamanin nan shi ne Brutal Doom, na wani ɗan Birazil, Marcos Abenante, da aka fi sani da Sergeant Mark IV. Ya sauya bindigogi, ya ƙara nauyin sauti, ya sa dodanni suka ƙara kaifi, jini kuma kamar mahauta. Aiki ne babba, ban raina ba. Amma ni gaskiya haushi nake ji in na ga mutum bai san komai ba sai shi, ya ɗauka ya ɗora a kan kowane WAD. Mai zana mataki ya zauna ya auna harsashi nawa zai ajiye maka, dodo nawa zai tare ka a lungu, kai kuma ka zo da Brutal Doom ka rushe masa lissafi. Kamar a yi maka miyar taushe mai kyau ne ka juye mata yaji rabin gwangwani kafin ka ɗanɗana. Ka buga kowane WAD yadda mai shi ya tsara tukuna.

In zane kake son gani, nemi Ancient Aliens na 2016, launukansa kaɗai sun isa kallo, shuɗi da ruwan hoda da lemo a wasan da aka san shi da toka-toka da ja. Nemi Eviternity na 2018, wanda aka saki ranar da Doom ya cika shekara 25, babi-babi, daga tsofaffin ganuwoyi zuwa ƙanƙara zuwa fadoji farare a sararin sama. Alien Vendetta na 2001 tsohon hannu ne, har yau ana koyon zane daga gare shi. Scythe na 2003 shi nake ba mai waya shawara, domin matakansa na farko gajeru ne, kana iya gama ɗaya kafin a kawo maka shayi. Sunlust kuwa ka bar shi sai hannunka ya faɗa, da yatsa a kan gilashi wahala kawai za ka sha.

Amma wanda ya sa na zauna rubuta wannan shi ne MyHouse. A Maris 2023 wani mai amfani da suna Veddge ya saka shi a shafin Doomworld da ɗan bayani mai ban tausayi: abokinsa na yarinta ya rasu, ya ci karo da wata tsohuwar taswirar gidan abokin da aka fara zanawa tun suna yara, sai ya ƙarasa ta don tunawa da shi. Zana gidanku a Doom tsohuwar al'ada ce, tun shekarun 1990 kusan kowane sabon shiga da ita yake farawa, kuma yawanci ba su da kyau. Don haka mutane suka shiga ba su tsammanin komai. Gida ne kawai irin na unguwannin Amurka, falo, kicin, banɗaki, 'yan dodanni kaɗan. Ka kashe su, ka zagaya, ka dawo. Sai ka ga kamar wannan ƙofar ɗazu ba ta nan. Ka fita waje ka ƙirga tagogi, ka shigo, lissafi ya ƙi fita, cikin gidan ya fi wajensa girma. Ka tsaya gaban madubi, ka lura abin da ke ciki bai yi daidai da abin da ke bayanka ba. Ba zan faɗi sauran ba, duk wanda ya ba ka labarinsa ya cuce ka. Abin da zan ce kawai, mutum ɗaya ya ɗauki injin da asalinsa ba ya iya ɗora bene a kan ɗaki, ya yi amfani da shi ya ba da labarin rashi da kewa, har manyan jaridun wasanni na duniya suka yi ta rubutu a kai. Ko sisi bai karɓa ba.

Duk shekara tun 2004, a ranar 10 ga Disamba, Doomworld na fitar da kyautar Cacowards ga mod mafi kyau na shekarar. Sunan daga Cacodemon aka samo shi, jan dodon nan mai ido ɗaya da ke shawagi kamar balan-balan. In ba ka san inda za ka fara ba, jerin waɗanda suka ci kyautar ya ishe ka shekaru. Shi kansa John Romero, ɗaya daga cikin waɗanda suka zana Doom na asali, ya dawo a 2019 ya saki Sigil a matsayin WAD kamar kowane masoyi, ya ƙara da Sigil II a 2023.

Na san amsoshin da za a ba ni. Na farko: "Malam ba mu da kuɗi, dala ta yi sama, katinmu ma ba ya wucewa a Play Store." Wannan gaskiya ce, ni ma a ƙasar nake. Amma a nan hujjar ba ta tsaya ba. Duk mod ɗin masoya da na lissafa bayan Final Doom kyauta ne. Kayan wasan asali, wato DOOM.WAD da DOOM2.WAD, su ne mallakar kamfani har gobe, su ake saya. Masoya sun magance wannan ma: sun zauna sun zana Freedoom, cikakken madadi da nasu hotunan, nasu dodannin, nasu sautin, halal ɗinka ne ka sauke ka raba. Freedoom Phase 2 yana ɗaukar galibin mod ɗin da aka yi wa Doom II. Maganar data kuma, DOOM2.WAD gaba ɗayansa bai kai 15 MB ba. Sabunta gem ɗinka na yanzu sau ɗaya ya ci ninkinsa nawa?

Na biyu: "Wasan tsohon yayi ne, hotunan duk ƙwaya-ƙwaya." Ka nemi hotunan Total Chaos na 2018 ka dawo ka faɗa min. Selaco da ake sayarwa a Steam tun 2024 a kan GZDoom aka gina shi. Kuma dara ma tsohon yayi ce, ban ga an daina buga ta a bakin kasuwa ba.

Na uku shi ne mai nauyi, kuma ba zan yi masa wasa ba: Doom akwai jini, akwai siffofin shaiɗanu da zane-zanen da mutum zai iya ƙyama. Haka ne. Kai ne mai yaƙar su a wasan, amma duk da haka ba abin miƙa wa ƙaramin yaro ba ne, kuma wanda ya ce zuciyarsa ba ta kwanta ba ban ga laifinsa ba. Sai dai injin bai tilasta maka wannan ba. Tun 1996 aka yi Chex Quest a kansa, aka raba wa yara cikin kwalin abincin safe a Amurka, ba a kashe kowa a ciki. Sonic Robo Blast 2 wasan tsalle-tsalle ne na Sonic, asalinsa injin Doom ne.

Ga mai son gwadawa a waya, hanyar da na fi yarda da ita ita ce Delta Touch ta OpenTouch Gaming a Play Store. Ta kuɗi ce, sau ɗaya ake biya, tana ɗauke da injuna da yawa ciki har da GZDoom da PrBoom+ da Chocolate Doom, da maɓallan taɓa allo da za ka iya jera su yadda hannunka ke so. Don Allah kada wani ya zo ya tambaye ni fasasshiyarta, sai mu ɓata. Bayan ka girka, ka samo Freedoom, ko ka kwafo WAD ɗin asali daga kwamfuta in ka saya. Sannan ka sauke mod daga rumbun idgames na Doomworld ko daga Mod DB. Yawanci a zif yake zuwa, ka warware shi, abin da za ka gani ya ƙare da .wad ko .pk3. Ka saka shi a foldar da manhajar ta nuna maka, ka zaɓi inji, ka zaɓi mod, ka kunna. Ka karanta ɗan fayil ɗin bayani da ke tare da shi, nan mai shi ke faɗin injin da ya dace. Idan ya ƙi tashi, sau da yawa inji ne ba daidai ba: Brutal Doom da MyHouse sai dangin GZDoom, kuma suna iya yi wa ƙaramar waya nauyi, su Scythe da Alien Vendetta kuwa PrBoom+ ya wadatar. Idan wani shafi ya ce ga "Doom mod" amma abin da ya miƙo maka ya ƙare da .apk, rufe shafin.

Wanda kuma yake da kwamfuta, ko tsohuwar laftof ce mai Windows, ya sauke Ultimate Doom Builder, kyauta ce. Zanen matakin Doom kamar zanen filan gida ne daga sama: ka ja layi huɗu ka samu ɗaki, ka faɗi tsayin ƙasa da na rufi, ka zaɓi fentin bango, ka ajiye inda ɗan wasa zai tsaya. A yammaci ɗaya za ka yi tafiya cikin ɗakin da ka zana da hannunka. Kuma ka lura, gidajenmu na gargajiya sun dace da injin nan kamar don su aka yi shi, tunda galibi ba bene: zaure, ka karya kwana, soro na biyu, tsakar gida, rijiya, rumbu, ɗakuna a kewaye. Da SLADE kana iya ɗaukar hoton bangon ƙasa da wayarka ka mayar da shi fentin bango a cikin wasan. Ba dole sai ka sa dodo ko bindiga ba.

A rubutu na gaba zan nuna yadda ake jan ɗakin farko da yin ƙofar da ke buɗewa, da hotuna mataki-mataki. Kafin nan, wanda ya san akwai fasasshen APK a wayar da yake shiga banki da ita, ya shiga Settings, ya buɗe jerin manhajoji, ya duba izinin da ya ba shi, ya cire shi, sannan ya sauya lambar sirrinsa.